Zafi Biyu a Layi Ɗaya

Direban bas ɗin ya rasu ranar Talata da hantsi, kwana ɗaya bayan an ƙara masa jini. Aikin da aka yi masa a ciki ya yi kyau, har ya fara tsokanar masu jinya yana cewa in ya tashi zai riƙa kai su gida kyauta. Jakar jinin ba ta kai rabi ba sanyi ya kama shi, gado na kaɗawa, zazzaɓi ya biyo baya. Da aka gwada ragowar jakar, sai aka tarar jinin ya lalace tun kafin ya shiga jikinsa.

Safiyar Laraba ƙofar asibitin ta cika. Abokan aikinsa sun jera motocinsu a bakin titi, sun kashe injin, sun tsaya. Ba mai ihu, ba mai zagi, kuma shirun nan ne ya fi tsorata mai gadi. Kowa a cikinsu ya riga ya san wadda ta rataya jinin, domin magana ba ta kwana a asibiti. Sista Doguwa ce, kuma an ce ta bar jakar a kan tebur ta tafi hira.

Ta cikin wannan taron Mai Sawu ta ratsa, da jakar kwamfutarta a kafaɗa. Ba a daji take bin sawu ba. Aikinta bin rubutun da na'urori ke bari a bayansu, layi bayan layi, har ta gano wanda ya taka inda bai kamata ba. Tun tana makaranta sunan ya bi ta, yanzu har mahaifiyarta da shi take kiranta. A kan benci kusa da ƙofa ta ga wata mata zaune, ta rungume takalman namiji a cikin leda. Ba ta tambayi ko wace ce ba.

*

Babban Likita bai ba ta wurin zama ba. Takarda ya turo mata.

“Ke kika haɗa mana manhajar da ke fitar da rahoton firjin jini, shekara uku ke nan. Ga rahoton mako biyu. Zafi huɗu, huɗu, huɗu, ko sau ɗaya bai motsa ba. In firji bai yi laifi ba, to jinin a hannun Sista ya lalace. Ƙarfe huɗu Sufeton 'yan sanda zai zo ya tafi da ita, ko mutanen can su watse. Abin da nake so, ki sa hannu cewa rahoton nan gaskiya ne.”

Ta duba takardar. Huɗu ce jere har ƙasa, tsaf, kamar an share mata hanya. Ta daɗe a sana'ar nan, ta san wuri mai tsabta da yawa yakan zama an bi shi da tsintsiya.

“Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa ƙarfe huɗu.”

“Ba ki yarda da aikin hannunki ba ne?”

“Shi ya sa nake so in duba,” in ji ta.

*

An ajiye Sista Doguwa a ɗakin canza kaya, wai don kada mutanen waje su gan ta. Ta cire hular aiki ta ninke a cinya. Idanunta sun kumbura, amma muryarta ba ta rawa.

“Shekara goma sha tara ina rataya jini, ƙanwata. Daga tagar ɗakin ajiya zuwa gadonsa minti goma sha biyu na yi. Na duba agogo, kullum ina dubawa.”

“An ce kin tsaya hira.”

“Na ji. An kuma ce na ɗora jakar a kan butar shayi. Zuwa la'asar za a ce dafa ta na yi.” Ta ɗan yi murmushin da ba na daɗi ba. “Abu ɗaya ne ke cina. Da na ɗaga jakar, sai na ga kamar ta fi duhu. Na koma taga na tambaya, aka nuna mini rahoto, aka ce firji lafiya lau. Na ƙaryata idona na yarda da takarda.”

“Wa ya nuna miki?”

“Mai Gwaji, yarinyar da ke ba da jini a taga. Ita ma takardar ta gani, me za ta ce?” Sista ta kalli jakar kwamfutar. “An ce ke kika yi abin da ke rubuta takardar. To ki gaya mini, yana ƙarya?”

Mai Sawu ta buɗe baki, ta kasa cewa a'a.

*

Ɗakin ajiyar jini yana can ƙarshen wata doguwar baranda, bayan ɗakin wanki, inda ko ƙararrawa ta yi kuka ba mai ji. Shugaban ɗakin kawun Mai Sawu ne, yayan mahaifiyarta. Shi ya riƙa kai ta makaranta a bayan keke tana ƙarama, shi ne kuma ya kai sunanta ofis lokacin da asibitin ke neman wanda zai haɗa manhajar. Saura wata huɗu ya yi ritaya.

“'Yata, kin zo,” in ji shi. Bai ɗago sosai ba. Yana tsaye gaban firji na biyu, ya ɗora bayan hannunsa a kan wata jaka, kamar mai taɓa goshin yaro. Tun tana yarinya ta san shi da wannan ɗabi'ar. Yakan ce na'ura tana da rana, amma hannunsa shekara talatin bai taɓa yaudararsa ba.

“Kawu, ina wuni. Ya haƙuri?”

“Haƙuri sai ma'abocinsa. Sista ce abin tausayi.”

Mai Gwaji, wata matashiya mai gilashi da ta fara aiki a ɗakin wata biyar da suka wuce, ta nuna mata kwamfutar da ke kan tebur. Kowace awa firjin yakan rubuta layi ɗaya da kansa. Abin da mutum ke iya taɓawa shi ne gurbin ƙarshe kawai, na bayani, inda mai aiki ke rubuta abin da ya gani kafin rahoto ya fita ƙarfe shida.

“Su wa ke da makullin ɗakin nan?”

“Ni, da Baba,” ta nuna Kawu, “da Mai Gyara.” Ta ɗan rage murya. “Ni dai akwai abin da ke ba ni haushi. Ƙa'ida ita ce tsohon jini a gaba, sabo a baya, don a fara da tsoho. Amma tun makon jiya wani ke juya mini jeri. In gyara da safe, in dawo in tarar tsofaffin sun koma can ƙurya. Ranar Litinin sai da na zura hannu har kafaɗa kafin na samo irin jinin direban, don nasa ba a cika samu ba.”

“Mai Gyara ne,” in ji Kawu daga bayansu. “Ranar Juma'a ya zo ya kwance ƙasan firjin. In ya shigo ba abin da ba ya taɓawa.”

*

Ta sami Mai Gyara a bayan ɗakin janareto, hannu duk baƙin mai. Tun kafin ta gaishe shi ya fara rantsuwa, abin da ya sa ta ɗan zarge shi, domin marar laifi ba kasafai yake riga tambaya ba.

“Wallahi, Hajiya, ko jaka ɗaya ban taɓa ba. Ni jini ma tsoronsa nake ji. An riga an fara cewa ni na cire filogi, ko?”

“Me ka gyara ranar Juma'a?”

Ya shiga ciki ya fito da wani ɗan ƙaramin abu baƙi, gefensa ya narke. “Wannan ne ke tayar da injin sanyi. In ya fara ƙonewa, sai ya ga dama yake tashi. Baba ya kira ni da sassafe, ya ce ƙara kawai yake ji. Amma da na ja firjin na tarar da shatar ruwa a ƙasa, ta bushe. Firjin nan ya tsaya kafin Juma'a, kuma ya daɗe a tsaye.”

“Ka gaya wa wani?”

“Na gaya wa Likita. Ya ɗaga mini takarda. Ni da ko aji shida ban gama ba, zan yi musu da kwamfuta?”

*

Ƙarfe ɗaya da rabi ta kulle kanta a wani ɗan ofis, ta kwafo ainihin rubutun firjin, wanda rahoto bai taɓa ba. Layukan duk iri ɗaya ne:

lokaci=09:00 firji=2 zafi=4 ƙofa=rufe bayani=lafiya

Hanyar da manhajarta ke karanta su ba ta da wuya. Akwai wani ɗan gajeren tsari da 'yan sana'arsu ke kira rejeks, ita kuwa raga take ce masa. Ta saƙa shi ne ya kamo duk kalmar da alamar daidai ta biyo bayanta, tare da abin da ke manne da alamar har zuwa fili na gaba. Kowane kamu suna ne da ƙima, kamar zafi da huɗu. Manhajar sai ta jefa kowace ƙima a akwati mai sunanta, rahoto kuma ya ɗauka daga akwatin.

Ta jefa ragar a kan mako biyu. Akwatin zafi ya ba ta huɗu, huɗu, huɗu. Ta sake, amsa ɗaya. Wani ɓangare na zuciyarta ya ji sanyi, har ta kai hannu ga biro za ta sa hannu a takardar Likita.

Shatar ruwan nan ce ta hana ta. Sai ta daina tambayar ragar abin da ta kamo, ta tambaye ta guda nawa ta kamo a kowane layi. Ya kamata a sami biyar. Lambobin suka gangaro, biyar, biyar, biyar, ɗaruruwa. A ranar Alhamis, daga sha ɗaya na safe zuwa uku na yamma, layi biyar suka ba ta shida.

Ta buɗe na tsakiya.

lokaci=13:00 firji=2 zafi=19 ƙofa=rufe bayani=lafiya zafi=4

Firjin bai yi ƙarya ba, ya faɗi sha tara ɗinsa a fili. Wani ne ya zo daga baya ya ƙara zafi na biyu a gurbin bayani. Ragarta ba ta san bambancin rubutun na'ura da na mutum ba, ta kamo duka biyun. Akwatin kuma ƙima ɗaya yake ɗauka, in ta biyu ta zo sai ta ture ta farko. Awa biyar jini yana ɗumi, sha ɗaya, sha biyar, sha tara, ashirin da ɗaya, ashirin da biyu, rahoto yana ta cewa huɗu.

Mutum uku ke da makulli. Amma wannan dabarar ba a tsintar ta haka kawai a ranar da ake cikin firgici. Wanda ya yi ta ya riga ya san tana aiki. Mai bin sawu in ya ga inda aka taka, baya yake komawa ya nemo inda tafiyar ta faro. Ta jefa ragar a kan shekara uku gaba ɗaya.

Layi ɗaya tak ya ƙara fitowa, na wata takwas da suka wuce, lokacin Mai Gwaji ba ta ma zo asibitin ba.

zafi=4 ƙofa=rufe bayani=na taɓa da hannu zafi=5

Ba ta buƙaci jadawalin aiki ba. Ta tuna ranar. Tana cikin layi a kanti, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, Kawu yana dariya yana cewa, “'Yata, abin nan naki yana da ban dariya. Na rubuta abin da hannuna ya ji a wurin bayani, sai rahoto ya bar na firji ya ɗauki nawa.” Ita kuma ta ce, “Ƙaramin abu ne, Kawu, ƙarshen mako zan gyara.” Ƙarshen mako talatin da wani abu sun wuce tun daga ranar.

*

Ta tarar da Kawu a barandar, shi kaɗai, yana jingine da bango. Kamar ita yake jira.

“Kin ga wani abu?”

“Na gani, Kawu.”

“Duka?”

“Har da na wata takwas.”

“Za ki iya cewa rahoton ba abin dogaro ba ne, ki tsaya nan. Za su saki Sista. Ba sai kin kira sunan kowa ba.”

Ta riga ta yi wannan tunanin, kuma ya yi mata daɗi ƙwarai, abin da ya ba ta kunya. Amma in ta tsaya nan, gobe mutanen ƙofa sunan Mai Gyara za su riƙe, ko na yarinyar nan mai gilashi. Ita ma nata sunan zai tsira, kuma ta san wannan na cikin abin da ya sa shawarar ta yi mata daɗi.

“Jaka nawa suka rage a ƙuryar firjin?” ta tambaya.

“Ashirin da shida.”

“Kawu, ina ƙaunarka kamar mahaifina. Ƙarfe huɗu zan karanta layin kamar yadda yake.”

Ya juya ya koma ɗakin, ta ji ƙarar ƙofar firji.

*

Ofishin Likita ya yi musu kaɗan. Sufeto na zaune da littafinsa a gwiwa. Sista Doguwa na tsaye kusa da ƙofa, ta mayar da hularta. Mai Gyara ya wanke hannu amma ya rasa inda zai sa su. Mai Gwaji na gefen Kawu. Ta taga ana hango rufin motocin da ke jere a titi, ba wadda ta motsa tun safe.

Mai Sawu ta juya musu fuskar kwamfutar. Ta nuna layin ƙarfe ɗaya, ta sa yatsa a kan sha tara, sannan a kan huɗu. Ta yi bayanin ragar da akwatin a taƙaice, yadda ko Mai Gyara ya gyaɗa kai.

“Ke nan jinin ya lalace tun Alhamis,” in ji Sufeto. “Kwana huɗu kafin ya shiga hannun Sista.”

“Haka ne.”

Sista ta dafa bango. Ba ta yi kuka ba, numfashi kawai ta saki mai tsawo.

“To wa ya rubuta?” Sufeto ya dubi Mai Gyara, wanda ya fara buɗe baki zai yi rantsuwa. Ya dubi Mai Gwaji. “Ke kike zama gaban kwamfutar nan kullum.”

“Ni? Ranar Alhamis ina babban ɗakin gwaji, Baba ne ya ce in je in taimaka musu, shi zai…” Ta juya a hankali ta kalli tsohon da ke gefenta. “Baba, kai ke juya mini jerin?”

Mai Sawu ta kai hannu za ta buɗe layin wata takwas. Kawu ya ɗaga nasa hannun.

“Bar shi, 'yata. Ni ne.” Muryarsa ta fito a bushe. “Ranar Alhamis aka kira ni, matata ta faɗi a banɗaki. Na kulle ɗaki na ce rabin awa. Sai ƙarfe huɗu saura na dawo. Na tarar ƙararrawa na kuka, ba wanda ya ji. Na kashe na kunna, injin ya tashi. Jaka talatin da huɗu, Likita. Ka san wahalar da muke sha kafin mu tara goma. Na taɓa su ɗaya bayan ɗaya, na ji da sauran sanyinsu. Na ce wa kaina na'ura ce ta cika tsoro.”

“In ka yarda da hannunka,” in ji Likita a hankali, “me ya sa ka tura su ƙurya?”

Kawu ya kalli bayan hannunsa. “Don ban yarda ba. Na so kwanansu ya ƙare a can, in zubar da su ɗaya-ɗaya ba wanda ya sani. Ranar Litinin na fita cin abinci, minti ashirin.” Ya dubi Likita. “Na fitar da ashirin da shidan yanzu. Suna cikin kwali, na rubuta a kai.”

“Ka ji ana kiran sunana tun jiya, Baba,” in ji Sista. “Ka gaishe ni da safe.”

Bai iya ɗaga ido ya dube ta ba.

Sufeto ya rubuta, ya fara rufe littafin.

“Ranka ya daɗe, da saura,” in ji Mai Sawu. Ta buɗe layin wata takwas duk da haka. “Ranar da aka rubuta wannan, ya kira ni ya gaya mini ramin da ke cikin manhajar. Ba ɓoyewa ya yi ba, shi ya fara faɗa. Na ce zan gyara, ban gyara ba. Da na toshe shi, da ranar Alhamis ba shi da inda zai ɓoye sha tara, da rahoto ya tona, da an zubar da jinin. Ka rubuta nawa a ƙarƙashin nasa.”

“'Yata, ba wanda ya tambaye ki,” in ji Kawu.

“Na sani, Kawu.”

Sufeto ya dube ta na ɗan lokaci, sannan ya sake buɗe littafin ya tambayi cikakken sunanta.

*

Ta ƙofar baya aka fita da Kawu. Likita ya tafi bakin titi ya yi wa direbobin bayani, ta ji injinan suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya fita ya ce mata ƙarfe shida rahoto zai sake fita, kuma akwai firji uku a ɗakin.

Ta zauna a kujerar Kawu, wadda matashinta ya lotsa daidai zamansa. Wayarta na ta haske a kan tebur, mahaifiyarta ce, kira na huɗu. Ba ta ɗauka ba tukuna. Ta buɗe manhajar, ta gangara inda ragar take. Ta sa ta tsaya da kamu da zarar ta kai gurbin bayani, ta kuma sa manhajar ta yi ƙara in suna ɗaya ya zo sau biyu a layi. Ta gwada da ranar Alhamis. Sha tara ta fito, ja wur.

Ta taga ta hango matar nan can nesa, har yanzu a kan benci, da ledar takalman a ƙirjinta, kowa ya watse ya bar ta. Mai Sawu ta dubi agogon kwamfutar, domin ta riga ta duba shi lokacin da ta fara. Gyaran bai ɗauke ta minti biyu ba.